Wa Ke Ciyar da Mawaƙi, Wa Ke Yi Masa Amshi? Waƙa da Gwagwarmayar Talaka a Ƙasar Hausa

Duk wanda ya taɓa halartar gayya a karkara ya san cewa ba don nishaɗi kaɗai ake gayyato makaɗin gangar noma ba. Samari sukan jeru a bakin kunya, kowa da garmarsa, makaɗi yana biye da su yana kiran sunan wanda ya yi gaba, yana haɗa shi da sunan ubansa da na kakansa, har mutum ya manta da taurin ƙasa da zafin rana. Wanda kuwa ya sassauta, ya riƙa miƙewa yana dafe ƙugu tun hantsi bai dubi ludayi ba, ganga za ta juyo kansa. Ba za a kama sunansa ba, amma babu wanda bai gane da wa ake ba, har 'yan matan da suka kawo fura suna rufe baki da gefen mayafi. A wannan fili makaɗi yana yabo, yana hukunci, yana kuma haɗa ƙarfin mutane masu yawa a kan aiki guda, kuma da waɗannan abubuwa uku ne waƙa take shiga kowace irin gwagwarmaya ta jama'a.

Ana yawan faɗin cewa mawaƙi muryar talaka ne, kuma ina ganin maganar tana bukatar a tsaya a auna ta, domin tarihin ƙasar Hausa bai tabbatar da ita haka kai tsaye ba. Akwai lokutan da waƙa ta tsaya wa marasa ƙarfi tsayin daka, akwai kuma lokuta masu yawa da ta zama ado a rigar masu iko. Abin da ya raba waɗannan lokuta, a fahimtata, bai tsaya ga jaruntakar mawaƙi ko fasaharsa ba. Tambayoyi biyu ne suke yanke hukunci: daga hannun wa mawaƙin yake ci, kuma a bakin wa amshin waƙar yake zaune.

A fada ya kamata a fara dubawa, domin a can ne waƙar baka ta kai ƙololuwar gwaninta. Makaɗan taushi da kotso, da masu tambari da kakaki da algaita, suna da ubangida guda, shi ke ba su gida da gona da doki da riga, kuma sau da yawa gadon sana'ar suke yi kamar yadda shi ma ya gaji sarauta. Ibrahim Narambaɗa ya yi zamaninsa a fadar Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi, Musa Ɗanƙwairo kuma ya fito daga gidan kiɗan Maradun har ya zama mawaƙin Sardauna. Waƙoƙinsu cike suke da zambo da habaici masu kaifi, wanda ya sa wasu ke ɗaukar su a matsayin masu faɗa wa sarki gaskiya. Amma idan aka lura da inda kibiyar take faɗawa, za a ga mafi yawanci a gefe take sauka, a kan ɗan sarkin da ya nemi gadon ya rasa, ko hakimin da ake zargi da yi wa fada zagon ƙasa. Gaskiya ne makaɗin fada yakan tuna wa sarki adalcin kakanninsa, kuma irin wannan tuni yana da nauyi a kunnen mai hankali, sai dai yana yin sa ne daga cikin gida, a matsayin bara mai son ɗorewar gidan. Ba a gina wannan kiɗa don ya tambayi dalilin da ya sa ake karɓar haraji daga manomin da fari ya cinye gonarsa ba.

Ga kuma matsayin maroƙi a idon jama'a. Ana jin tsoron bakinsa, ana ba shi kyauta wani lokaci don a tsira daga gare shi, amma a al'adance gidaje da yawa ba sa son haɗa zuri'a da shi. Mutumin da aka ajiye a wannan matsayi yana da 'yancin faɗin abin da wani ba zai faɗa ba, sai dai kuma ana iya watsar da maganarsa da cewa ai roƙo ne, kuma abincinsa na gobe yana hannun wanda zai yaba yau.

Inda ƙorafi na gaskiya ya daɗe yana zaune shi ne a waƙoƙin da ba a biyan kowa don ya yi su. Mace tana daka, taɓarya tana sauka a turmi, tana jefa ta sama tana tafawa kafin ta cafe, bakinta kuma yana rera abin da ba za ta iya faɗa wa miji ko uwar miji ido da ido ba: cefanen da bai isa ba, fifikon da ake nuna wa kishiya, auren da aka yi mata ba da son ranta ba. Wadda ake yi dominta tana tsakar gida tana ji, kuma ba ta da hanyar kai ƙara, domin ba a ambaci sunanta ba, in ta tanka ta tona kanta. Haka waƙoƙin niƙa da na raino da na gaɗa a dandali suke ɗauke da ra'ayin mata da 'yan mata game da auren dole da auren tsoho. Irin wannan waƙa ba ta da mai ita, saboda haka babu wanda za a kama, babu kuma wanda za a saya. Rauninta shi ne ba ta cika ƙetare katangar gida ba.

Tashe ya ɗan ƙetare ta. Daga goma ga watan azumi yara da samari sukan fita da dare, wani ya cusa tsumma a riga ya zama mai tumbi, wani ya manna gemun auduga, wani ya naɗa rawani ya riƙe allo yana musun cewa ya yi rawa alhali jikinsa yana motsawa, abokansa suna tabbatar masa da cewa ya yi. Manya suna dariya suna ba da sadaka, amma abin da aka nuna musu shi ne malamin da aikinsa ya saɓa wa maganarsa, da attajirin da ya ƙoshi shi kaɗai, da magidancin da ya kasa riƙe iyali. A Kano har sarautar Nalako aka yi domin tashen gwauraye. Al'umma ta ware wa kanta 'yan kwanaki a shekara da ƙarami zai kwaikwayi babba a gabansa ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba, kuma rigar wasa ita ce take kare shi.

Karo na farko da aka ɗauki waƙa aka mai da ita makamin sauya tsarin mulki gaba ɗaya, daga hannun malamai ya fito. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da almajiransu sun yi shekaru suna yawon wa'azi a Gobir da Zamfara da Kabi kafin jihadin 1804, kuma sun fahimci cewa littafin Larabci ba zai isa kunnen makiyayi da manomi ba, sai suka zuba koyarwarsu a waƙoƙin Fulatanci da Hausa masu ƙafiya da ma'auni, waɗanda ake haddacewa a rera ba tare da kiɗa ba. A littafin Shehu mai suna Kitabul Farƙi an lissafa laifuffukan sarakunan Hausa na lokacin, har da jangali da karɓar gaisuwa da shagala da kaɗe-kaɗe. Ke nan tun daga tushe an raba hanya biyu: ganga ta zama alamar fada da shagala, waƙar da aka rubuta kuma ta zama alamar ilimi da gyara. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kai wannan dabara inda ba a taɓa kai ta ba, ta hanyar 'Yan Taru, ƙungiyar mata masu neman ilimi. Takan naɗa jaji, wato shugabar ayarin mata, ta ɗora mata malfa, jajin ta jagoranci matan ƙauyensu zuwa wurinta, su koyi waƙoƙi, su koma su koyar da waɗanda ba su samu zuwa ba. Wannan tsari ne na yaɗa saƙo daga baki zuwa baki wanda ba ya bukatar izinin kowa, kuma ya rayu bayan mai shi. A ƙarni na ashirin ma an ga irinsa a Imfirajin Aliyu Namangi na Zariya, wanda makafi da almajirai suka ɗauka suka zaga da shi kasuwanni da tashoshi da ƙofofin gidaje, har ya zama mutane da yawa sun haddace baitocinsa ba su taɓa ganin littafin ba.

Wannan gado ne 'yan NEPU, jam'iyyar adawa mai fafutukar 'yancin talaka, suka tarar. An kafa jam'iyyar a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kuma cikin mutum takwas da suka kafa ta akwai mawaƙi, Mudi Sipikin. Malam Aminu Kano ya zama shugabanta a 1953. Halin da suka samu kansu a ciki shi ne En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta sarakuna, ce ke ba da izinin taro, 'yan doka nata ne, kotunan alƙalai da gidan yari a ƙarƙashinta suke, kuma mafi yawan masu riƙe da ita suna tare da NPC, jam'iyyar da ta yi mulkin Arewa. Ana iya hana lacca, ana iya ɗaure mutum da laifin zagin sarki ko taro ba izini, a Kano kuma ga 'Yan Mahaukata masu tarwatsa taron 'yan adawa. Masu iya karatun boko kaɗan ne, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939 ba ta 'yan adawa ba ce, gidan rediyon Kaduna kuma da aka buɗe a 1962 na gwamnatin Jihar Arewa ne. Jam'iyyar da take son ta yi magana da talaka a cikin wannan hali ba ta da abin da ya fi waƙa sauƙin ɗauka da wuyar ƙwacewa.

Abin lura shi ne irin mutanen da suka yi wa NEPU waƙa. Manyan makaɗan gado suna ɗaure da gidajen sarauta, saboda haka ba a sa ran su juya wa abincinsu baya. Waɗanda suka cike gurbin, irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da Lawan Maiturare da Aƙilu Aliyu, mutane ne da suka fito daga makarantar allo da zauren ilimi da kasuwa, suna rubuta waƙa da ƙafiya da ma'auni irin na wa'azi, suna rera ta galibi ba ganga. Wannan zaɓi ya yi musu amfani ta fuska biyu. Na farko, ba za a iya kore maganarsu da cewa roƙo ce ba, domin da muryar malamai suka zo, kuma suna auna sarakunan zamaninsu da ma'aunin Shehu, wanda sarakunan suke tinƙaho da gadonsa. Na biyu, ba su da ubangida guda da zai janye musu doki da riga. Masu sauraronsu teloli ne da mahauta da 'yan koli da 'yan tireda da ƙananan malamai, mutanen da suke da sana'ar hannunsu, kuma a nan ne NEPU ta fi ƙarfi a birane. Zambon da a da yake sauka a gefe, a kan abokin takarar sarki ko raggon gayya, sai aka ɗaga shi sama, ya nufi hakimi da dagaci da alƙali da ɗan doka, aka kira haraji da jangali da aikin tilas da sunayensu.

Yadda waƙar take aiki a wurin lacca shi ne ya fi muhimmanci. Mawaƙi yakan miƙe da takardarsa, ta ajami ko ta boko, ya fara koya wa taro amshi, layi ɗaya ko biyu masu sauƙin riƙewa, sannan ya shiga jero baitoci, bayan kowane baiti taro ya amsa. Mutumin da ya zo kallo daga nesa, yana tsoron kada mai unguwa ya gan shi, bai san lokacin da bakinsa ya fara motsawa ba, kuma da zarar ya amsa tare da ɗaruruwan mutane ya riga ya faɗi a fili abin da bai taɓa faɗa ba sai a ɗaki. Ya kuma ji da kunnensa cewa ba shi kaɗai ne abin yake ci wa tuwo a ƙwarya ba. Idan 'yan doka suka tarwatsa taron suka ƙwace takardar, amshin ya riga ya tafi, gobe za a ji shi a bakin ɗan garuwa da mai tura kura da yara a dandali. Mata ma, waɗanda ba su samu 'yancin jefa ƙuri'a a Arewa ba sai a 1976, sun samu hanyar shiga siyasa da muryarsu tun kafin a ba su ƙuri'a, kuma Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka ɗaure sau da dama, ta tsaya ne a kan wannan haƙƙi. Ita kanta kalmar Sawaba, taken NEPU, amshi ce: mutum ya faɗe ta, wani ya amsa, an san juna.

Waƙa ta zama har fagen muhawara tsakanin masu ra'ayin sauyi su kansu. Sa'adu Zungur na Bauchi, wanda ya rasu a 1958, ya rubuta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya yana gargaɗin sarakuna cewa in ba su gyara mulkinsu ba sarautar za ta kuɓuce musu, Mudi Sipikin kuma ya mayar masa da martani da Arewa Jumhuriya Kawai. Tambaya ce babba ta tsarin mulki, irin wadda ake tattaunawa a taron London da Ibadan da Turanci, amma ga ta an sauko da ita cikin baitocin da mai sayar da goro zai iya haddacewa ya kuma ɗauki ɓangare.

Bai kamata ƙaunar wannan tarihi ta sa a rufe ido ga aibinsa ba. NPC ma tana da mawaƙanta, na rubutu da na kiɗa, kuma ba duka ne suke yi don kuɗi ba, akwai masu imani da cewa haɗin kan Arewa a ƙarƙashin sarakuna da Sardauna shi ne kariya daga mamayar Kudu. Ɓangarorin biyu sun gangara daga zambo zuwa zagi tsantsa, an kafirta juna a waƙa, an ci mutuncin iyaye, an jefi matan da suka shiga siyasa da munanan sunaye, kuma wasu daga cikin waƙoƙin sun hura wutar faɗan da aka zubar da jini. Sannan waƙa ba ta ci zaɓe ba. A 1951 NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a Kano, amma tsarin zaɓe mai hawa-hawa ya tace ta kafin a kai Majalisar Kaduna, a zaɓen tarayya na 1959 kuma kujeru 8 ta samu yayin da NPC ta samu 134. Abin da waƙar ta yi ya fi zaɓe jinkirin nuna kansa. Ta sa kalmar talaka ta tashi daga sunan ƙasƙanci ta koma sunan da mutum zai kira kansa da shi yana ɗaga kai, ta kuma raya ƙiyayyar haraji da jangali a zukata har tsawon shekara talatin, ta yadda da PRP, magajiyar NEPU, ta ci Kano da Kaduna a 1979, soke su yana cikin abubuwan farko da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka yi.

A Nijar an ga fuska biyu na al'amarin. Jam'iyyar Djibo Bakary ta ɗauki wannan suna na Sawaba, ta nemi a ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, aka haramta ta a 1959, kuma da yawa daga 'ya'yanta sun samu mafaka a Kano wurin 'yan NEPU. Bayan juyin mulkin 1974 kuwa, gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da Samariya, tsohuwar ƙungiyar matasa ta gargajiya, ta shimfiɗa ta a faɗin ƙasa da gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. An yi aikin gayya mai amfani ta wannan hanya, an kuma fito da masu fasaha da yawa, sai dai amshin da matasa suke yi daga sama aka ba su shi. Gwamnatocin Nijeriya ma sun gane wannan amfani, tun daga Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950 zuwa komawa tuƙi ta hannun dama a 1972 da canjin kuɗi zuwa naira da kwabo a 1973, duk an nemi mawaƙa su isar da saƙo. Wayar da kai aiki ne mai kyau, amma ya bambanta da gwagwarmaya, domin a wayar da kai hukuma ce take magana da jama'a ta bakin mawaƙi, a gwagwarmaya kuwa jama'a ne suke magana da hukuma.

Zamanin rediyo da faifai da kaset ya buɗe wata ƙofa da nake ganin ba a ba ta haƙƙinta ba. Ya samar da mawaƙin da jama'a da yawa suke ciyarwa da kaɗan-kaɗan, maimakon mutum ɗaya ya ciyar da shi da yawa. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi ne misali mafi bayyana. Kuntiginsa ɗan ƙaramin abu ne mai tsirkiya ɗaya, ba shi da ayarin makaɗa da 'yan amshi da zai ciyar, saboda haka bukatarsa ga babban ubangida ba ta kai ta sauran ba. Ya yi wa manya waƙa kamar kowa, amma abin da aka fi tuna shi da shi shi ne ya ɗauki kirarin da ake yi wa sarakuna ya yi wa karen mota, yaron da yake kwana a kan kaya, yake sa wa taya waigi, direba yana yi masa tsawa. Ya yi waƙa a kan zaman aure da auren dole da tazarar mai akwai da mai babu. Bai kira kowa zanga-zanga ba, amma ya sa mai mota da fasinja sun dubi yaron nan a matsayin mutum, kuma wannan ma sauyi ne.

Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta yi makamancin haka da kiɗan ƙwarya. Amada kiɗan cikin gida ne, a kifa ƙwarya a kan ruwa a cikin babban masaki, a kifa wasu a ƙasa, mata su kewaye suna kaɗawa a biki ko suna, inda maza ba sa shiga. Ta fito da shi fili da irin maganar da mata suke yi a tsakaninsu, tana yi musu kira da su kama sana'a, tana zambo ga macen da ta zauna sai abin da aka miƙo mata. Masu yi mata liƙi mata ne masu ƙuli-ƙuli da fura da adashi da dillanci, wato waɗanda take yabo su ne suke ciyar da ita, su ne kuma suke yi mata amshi. A wurinta tambayoyin nan biyu amsarsu ɗaya ce, shi ya sa ta iya faɗin abin da ta faɗa duk da sukar da ta sha.

Yau kayan aiki sun yi sauƙi fiye da kowane lokaci. Da fiyano da kwamfuta a ɗaki guda ana gama waƙa cikin yini, a tura ta waya zuwa waya, ta kai Agadas da Kumasi da Kartum kafin mako ya zagayo. Amma wannan sauƙi ya zo da asara, domin tun da aka daina sayen kaset da faifai aka koma turawa kyauta, kwabon da jama'a suke biyan mawaƙi ya yanke, ya rage masa biki da talla da ɗan siyasa, kuma ɗan siyasa ya fi kowa biya. Sai tsarin fada ya dawo da sabuwar riga: mota a madadin doki, kujerar Makka a madadin alkyabba, zambo kuma ya koma gefe, kan abokin takarar ubangida. Waƙoƙin Dauda Kahutu Rarara a zaɓen 2015 sun yi tasiri ƙwarai saboda sun dace da abin da yake zuciyar mutane a lokacin, gajiya da kashe-kashe da son canji, jama'a kuma suka karɓi amshin da kansu. Da rayuwa ta yi tsanani a shekarun da suka biyo baya, ba a ji waƙar da ta kai waɗancan ƙarfi tana faɗin halin da ake ciki ba, kuma sukar da Rarara kansa ya yi wa Muhammadu Buhari a 2023 ta zo ne bayan mulkin ya ƙare. Ba laifin mutum ɗaya nake nunawa ba, tsarin ciyarwar ne yake haifar da haka ga duk wanda ya shiga cikinsa. Mafi munin abin da tsarin ya haifar shi ne waƙar yabon wani ƙasurgumin ɗan bindiga da ta bazu a wayoyi a 'yan shekarun nan, da kirari irin na mazajen fama, alhali ƙauyukan Zamfara da Sakkwato suna binne 'ya'yansu.

Wanda ya zaɓi ya ɗaga zambonsa sama kuma yana fuskantar abin da 'yan NEPU suka fuskanta, da sabon suna. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, ikonta ya haɗa da waƙoƙi, kuma ko da yake kare tarbiyya shi ne dalilin kafa ta, an sha ganin dokar neman izini kafin sakin waƙa ta fi saurin tashi idan waƙar ta taɓa masu mulki. A 2009 wata kotu a Kano ta haramta waƙoƙi 11, a shekarar kuma aka tsare Aminu Ala a kan wata waƙa da ya yi ta addu'a a kan azzalumai, wadda bai ambaci sunan kowa a cikinta ba. Gwamnatoci sun sauya tun daga lokacin, amma kama mawaƙan ɓangaren adawa bai tsaya ba. Bambancin da ke tsakanin yau da jiya shi ne mawaƙin NEPU idan an ɗaure shi yana da jam'iyya da reshe a kowace unguwa da za su ci gaba da rera waƙarsa su kuma kula da iyalinsa, mawaƙin yau kuwa yana da mabiya dubbai a TikTok da Facebook waɗanda ba su san juna ba, kowa yana saurare shi kaɗai da abin ji a kunne.

Wannan kaɗaici shi ne ya fi damuna, domin wuraren da Bahaushe yake koyon amshi suna raguwa. Gayya ta ja baya a wurare da yawa, ƙwadago da maganin feshi sun maye gurbinta, a wasu yankunan ma rashin tsaro ya hana zuwa gonar. Injin niƙa ya rage daka, dandali ya mutu a garuruwa da dama, rundunar 'yan sandan Kano kuma ta sha sanar da dakatar da tashe saboda ɓata-garin da suke fakewa da shi suna ƙwace, dalilin da ba za a ce ƙarya ne ba, amma wanda ya rufe ɗaya daga cikin 'yan kafofin da yaro yake koyon yi wa babba gyara cikin raha. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta farkon Agustan 2024, matasan da suka cika titunan Kano da Kaduna suna ta maimaita “Ba ma yi”, kalmomi uku masu kama da amshi, waɗanda kowa ya iya kamawa nan take. Babu baitocin da suka biyo bayansu da za su jero abin da ake ƙi da abin da ake nema a madadinsa, kamar yadda aka taɓa jero haraji da jangali da aikin tilas, kuma cikin 'yan kwanaki taron ya rikiɗe, aka fasa shaguna, aka sa dokar hana fita, aka rasa rayuka, bayan wasu watanni kuma aka gurfanar da yara ƙanana a gaban kotu a Abuja.